Fukafukai Masu Motsi da Rage Kaɗawar Jirgin Ruwa Mai Tagwayen Jiki a Cikin Igiyar Teku: Nazarin Iyakar Ƙarfinsu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda fukafukan ƙarƙashin ruwa masu motsi ke rage kaɗawar jiragen ruwa masu tagwayen jiki, wato katamaran da nau'in da ake kira SWATH. An yi lissafin ƙiyasi a kan jirage biyu na misali masu nauyi ɗaya, sannan aka gwama sakamakon da abin da gwaje-gwajen da aka wallafa suka nuna. Nazarin ya nuna cewa abin da ke yanke nasarar fiffike tun farko shi ne gudun jirgi da faɗin jikinsa a saman ruwa. Dabarar sarrafawa tana biyo baya ne, kuma aikinta bai wuce rarraba ɗan ƙarfin da ake da shi a lokacin da ya dace ba.

1.0 Gabatarwa

Jirgin da ke tafiya cikin igiya yana motsi ta fuskoki shida, amma uku daga ciki ne ke damun fasinja da matuƙi. Akwai hawa-da-sauka, inda jirgin gaba ɗaya ke ɗagawa yana sauka. Akwai gyaɗa-kai, inda goshi ke yin sama yayin da baya ke yin ƙasa. Sai kuma tangaɗi, wato karkata dama da hagu. Jirgi mai jiki ɗaya tangaɗi ne babbar matsalarsa, shi ya sa akasarin na'urorin da aka ƙera a ƙarni na ashirin suka karkata can. Mai tagwayen jiki kuwa faɗinsa ya rage masa girman tangaɗi, sai damuwar ta koma kan hawa-da-sauka da gyaɗa-kai, tare da wata matsala da ta keɓanta da shi: dandamalin da ya haɗa jikkunan biyu yana iya mangarar ruwa idan goshi ya nutse sosai, bugun da ke girgiza jirgin har ya tsattsage ƙarfe.

Manufar maƙalar ita ce tantance yawan abin da fiffike mai motsi zai iya yi a kan waɗannan motsi biyu, da kuma gano wurin da ƙarfinsa ke ƙarewa. An ɗauki wannan fuska ne saboda rubuce-rubuce da dama sun mayar da hankali kan kwatanta dabarun sarrafawa da juna, alhali tambayar da ta rigaye su, wato ko fiffiken yana da ƙarfin da zai tunkari igiyar, ba kasafai ake ba ta haƙƙinta ba.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Fiffike mai motsi ya shiga harkar jiragen ruwa ta ƙofar tangaɗi. An gwada shi a Japan a shekarun 1920, sannan kamfanonin Denny da Brown na Sikotland suka ɗora nasu a kan jirgin Isle of Sark a 1936, daga nan ya bazu zuwa manyan jiragen fasinja da na yaƙi. Nasarar ta sa aka yi ƙoƙarin maimaita ta a kan gyaɗa-kai a shekarun 1950, aka kafa fukafukai marasa motsi a goshin wasu jirage, ciki har da Compass Island na sojan ruwan Amurka. Abkowitz (1959) ya nazarci tasirin irin waɗannan fukafukai. Sun rage gyaɗa-kai, amma sun jawo girgiza mai tsanani a jikin jirgi idan suka kusanci saman ruwa ko suka fito suka koma, don haka dabarar ba ta yi kasuwa ba a kan jirage masu jiki ɗaya.

A ɓangaren tagwayen jiki, jirgin bincike USNS Hayes da aka kammala a 1971 ya zama darasi. Ya sha bugun ƙasan dandamali a Arewacin Atlantika, har aka kafa masa fiffike tsakanin jikkunansa biyu ta wajen goshi. Hadler da abokan aikinsa (1974) sun bayyana yadda wannan gyara ya rage motsin goshi da yawan bugun. Fiffiken ba ya motsi, amma ya tabbatar da cewa tazarar da ke tsakanin jikkunan wuri ne da ya dace da irin wannan na'ura.

Shi kuwa SWATH tunaninsa ya samo asali daga Frederick Creed, ɗan Kanada, wanda ya gabatar da shi a 1938, ya kuma sami takardar mallakar fasaha a Birtaniya a 1946. Tsarin shi ne a nutsar da jikkuna biyu masu siffar bututu can ƙarƙashin ruwa, a ɗora dandamali a kansu da siraran ginshiƙai, ta yadda ginshiƙan kaɗai ne ke ratsa saman ruwa. An ƙera Duplus a Holan a ƙarshen shekarun 1960, sai Kaimalino na sojan ruwan Amurka a 1973, wanda Thomas Lang ya zana, mai tsawon kimanin mita 27, da fukafukai a gaba da baya. A 1978 an yi gwajin gefe-da-gefe a tekun Hawayi tsakaninsa da jirgin tsaron gaɓa Mellon mai tsawon mita 115, aka ga ƙaramin jirgin bai fi babban kaɗawa ba. Kamfanin Mitsui na Japan ya bi sahu da jirgin fasinja Seagull a 1979.

Ta fuskar ka'ida, Salvesen da Tuck da Faltinsen (1970) sun daidaita hanyar yanka jikin jirgi gunduwa-gunduwa a lissafi don hasashen motsinsa. Lee da Curphey (1977) suka faɗaɗa ta zuwa SWATH, suka saka tasirin fukafukai da na gogayyar ruwa, domin idan aka bar su lissafin yana ba da kaɗawa da ta wuce hankali. Daga 1990, lokacin da Hoverspeed Great Britain na kamfanin Incat a Tasmaniya ya tsallake Atlantika, hankali ya koma kan katamaran masu tsananin gudu, waɗanda ake sa wa fiffike mai siffar harafin T a ƙarƙashin goshi da faifai masu motsi a baya. AlaviMehr da abokan aikinsa (2017) sun gwada dabarun sarrafa waɗannan na'urori a kan samfuri mai tsawon mita 2.5 na katamaran mai mita 112.

Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka shi ne kowanne ya tsaya kan nau'in jirgi guda. Ba a cika ajiye katamaran da SWATH a kan ma'auni ɗaya ba, a sa musu fiffike iri ɗaya, a ga dalilin da ya sa sakamakon ke bambanta.

3.0 Hanyar Nazari

An ɗauki jirage biyu na misali, ba na zahiri ba, kowanne mai nauyin tan 500. Na farko katamaran ne da faɗin yankan-ruwansa, wato faɗin wurin da jikinsa ya ratsa saman ruwa, ya kai murabba'in mita 250. Na biyu SWATH ne mai faɗin yankan-ruwa murabba'in mita 50. An ɗauka cewa nauyin ruwan rakiya, wato ruwan da jirgi ke ja tare da shi idan yana hawa da sauka, daidai yake da nauyin jirgin. Kowane jirgi an ba shi fukafukai huɗu, biyu gaba biyu baya, kowanne mai faɗin murabba'in mita 4, tsawonsa daidai da faɗinsa, a manne da jiki ta gefen ciki.

Ƙarfin ɗagawar fiffike an lissafa shi da L = ½ρU²AC, inda ρ ke nufin nauyin ruwan teku, kilogiram 1025 a kowace mita kubik, U gudun jirgi, A faɗin fiffike, C kuma adadin ɗagawa. An samo C daga ƙa'idar Whicker da Fehlner (1958) ta gajerun fukafukai. Tun da jikin jirgi yana toshe kwararar ruwa ta gindin fiffike, a lissafi ana ninka tsawonsa biyu, abin da ya ba da ƙarin C na kimanin 0.043 a kowane digiri na kusurwar tunkara. Igiyar da aka yi aiki da ita mai zangon sakan 8 ce, a ruwa mai zurfi, tsawonta mita 100, tudunta mita 1 sama da kwantaccen ruwa.

Wannan hanya ta ƙiyasi ce. Ba ta maye gurbin gwajin samfuri a tankin ruwa ko cikakken lissafin kwamfuta, amma ta isa ta nuna girman kowane ƙarfi a gefen ɗan'uwansa, wanda shi ne abin da ake nema a nan.

4.0 Nazari

4.1 Ƙarfin fiffike a gaban ƙarfin igiya

Idan aka karkata fiffiken da digiri 10, yana ba da kimanin kilonyuton 6 a gudun not 5 (not shi ne ma'aunin gudun jirgin ruwa), da 23 a not 10, da 93 a not 20, da 285 a not 35. Ninka gudu biyu yana ninka ƙarfi huɗu. Fukafukai huɗu a not 20 ke nan suna ba da kimanin kilonyuton 370 idan duka suka tura wuri ɗaya.

Ita kuma doguwar igiya, kowace mita ɗaya da ta ɗaga ruwa a jikin jirgi tana tura shi sama da kimanin kilonyuton 10 a kan kowace murabba'in mita ta yankan-ruwa. A kan katamaran wannan ya kama kilonyuton 2,500, a kan SWATH kuwa 500. Ma'ana, fukafukai iri ɗaya, a gudu ɗaya, a igiya ɗaya, suna riƙe da kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙarfin igiya a jirgi na farko, da kusan kashi 75 a na biyu. Tazarar ma ta fi haka a zahiri, domin a SWATH ƙarfin da igiya ke yi wa bututun da ke nutse yana saɓa wa wanda take yi wa ginshiƙai, har akwai wani zango da suke kusan share juna.

Daga nan bambancin aikin ya fito. A SWATH fiffike yana iya ja da igiya kai tsaye, ya riƙe dandamali a miƙe. A katamaran ba ya da wannan hali sai a ƙananan igiyoyi ko a gudu mai yawa: ko a not 35, huɗun ba su kai rabin ƙarfin igiyar ba. Abin da ya rage masa shi ne dakushe kaɗawa a wurin da ta fi tsanani, kuma wannan aiki ne da ƙaramin ƙarfi ke iya yi, saboda dalilin da sashe na gaba zai nuna.

4.2 Zangon ɗabi'a da zangon karo

Kowane jirgi yana da zangon da yake kaɗawa da shi idan aka danna shi aka saki. Na hawa-da-sauka ana samunsa daga T = 2π√(M/ρgS), inda M ya haɗa nauyin jirgi da na ruwan rakiya, S kuma faɗin yankan-ruwa. Katamaran ɗin misalinmu ya ba da kimanin sakan 4, SWATH ya ba da kusan 9.

Zangon da jirgi ke karo da igiya kuwa ya danganta da gudunsa da inda ya fuskanta. Idan yana tunkarar igiyar sakan 8 gaba da gaba, a not 20 yana cin karo da ita kowane sakan 4.4, a not 35 kowane sakan 3.3. Idan zangon karo ya yi kusa da zangon ɗabi'a sai a sami jituwar kaɗawa, motsi ya kumbura. A wannan wuri ƙarfin mayarwa na ruwa da ƙarfin nauyin jirgi suna share juna, ba abin da ya rage ya tsare motsin sai dakushewa. Siraran jikkunan tagwaye ba sa tayar da igiya mai yawa idan suna kaɗawa, don haka dakushewarsu ta ɗabi'a kaɗan ce, ƙarin da fiffike ya kawo sai ya yi tasiri fiye da girmansa. Katamaran a not 20 yana daf da wannan wuri, kuma a can ne kashi 15 ɗin nan ke yin amfani.

Lamarin SWATH ya juya. A not 20 zangon karonsa rabin zangon ɗabi'arsa ne, igiya na wucewa kafin ya amsa, shi ya sa yake tafiya lafiya lau cikin teku mai tashi. Amma idan ya tsaya cak, zangon karo ya koma sakan 8, daf da 9 ɗinsa, a daidai lokacin da fukafukan ba su da ƙarfin ɗagawa ko kaɗan. Wannan matsala ce ta gaske ga jiragen bincike da ke tsayawa su saukar da na'ura cikin ruwa. Jiragen kai matuƙan tasha, irin Döse da Duhnen masu mita 25 da Abeking & Rasmussen ya ƙera wa bakin kogin Elbe a 1999, sun fi samun sauƙi, tun da ana sauke matuƙi ne a kan babban jirgi yayin da shi da jirgin da ya kawo matuƙin suke tafe. Akwai fukafukan da ake kaɗawa da sauri su tura ruwa ko jirgi na tsaye, ana amfani da su kan tangaɗin jiragen shaƙatawa, sai dai ƙarfin da suke bayarwa ƙarami ne idan aka auna shi da abin da hawa-da-sauka ke bukata.

Akwai kuma yanayin da igiya ke biyo jirgi ta baya. Igiyar misalinmu tana gudun not 24, don haka jirgin da ke not 20 sai bayan kimanin sakan 45 take wuce shi. Yana daɗewa a kan gangare ɗaya, goshi a sunkuye. Katamaran a nan yana fuskantar haɗarin cusa goshi cikin igiyar da ke gabansa. SWATH kuma, da yake ƙarfin mayarwarsa kaɗan ne, ƙaramin ƙarfi mai daɗewa yana iya karkata shi sosai. A wannan yanayi dakushewa ba ta wadatarwa, dole fiffike ya amsa wa kusurwar kanta.

4.3 Ƙarfin juyin Munk da rabon aiki tsakanin gaba da baya

Max Munk ya nuna a 1924, a nazarinsa na jiragen balan-balan, cewa dogon jiki mai siffar bututu idan ya ɗan kauce daga layin tafiyarsa, iska ko ruwa na ƙara juya shi maimakon dawo da shi. Girman wannan juyi ya kusan daidai da nauyin ruwan rakiya a ninka da murabba'in gudu a ninka da kusurwar kaucewa. Bututun SWATH irin wannan jiki ne. Abin da ke ja da juyin shi ne ƙarfin mayarwa na ginshiƙai, wanda ba ya ƙaruwa da gudu. Idan tsayin daidaito na tsawon jirgin, wato ma'aunin ƙarfin mayarwarsa a gyaɗa-kai, ya kasance mita 12, lissafi ya nuna ƙarfin biyu suna yin kunnen doki a kimanin not 21. Daga nan sama, jirgin da ba shi da fiffike ba zai iya riƙe kansa a miƙe ba ko da teku a kwance take.

Saboda haka fiffiken bayan SWATH ba kayan jin daɗin fasinja ba ne, sharaɗin tafiya ne. Idan goshi ya ɗaga, fiffiken baya yana samun kusurwar tunkara da ke ɗaga baya, ya mayar da jirgin daidai, kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa da murabba'in gudu kamar yadda juyin Munk ke yi. Na gaba kuwa a wannan fuska yana taimaka wa juyin ne. Ana sa shi ne don ƙara dakushe gyaɗa-kai da ba da damar sarrafa hawa-da-sauka daban da gyaɗa-kai, shi ya sa bisa al'ada ake yin sa ƙarami a kan na baya. Matsayar wannan maƙala ita ce a zaɓi faɗin na baya ta yadda jirgi zai kasance da daidaito ko da na'urar sarrafawa ta mutu, fukafukan suka kulle a tsakiya. Tsarin da ya ƙaranta fiffiken ya dogara da kwamfuta don kada ya kife goshi yana rage gogayya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kuma ɗauki haɗarin da bai kamata jirgin fasinja ya ɗauka ba.

Wani abin lura shi ne fiffiken gaba yana barin murɗaɗɗen ruwa a bayansa. Idan tazarar fukafukan mita 25 ce, ruwan yana isa na baya bayan sakan 2.4 a not 20, kusan rabin zangon karo. Tasirinsa yana iya zama taimako ko cikas gwargwadon gudu, kuma lissafin da ya ɗauki kowane fiffike shi kaɗai zai yi kuskure a nan.

4.4 Dokar sarrafawa da matsalar jinkiri

Na'urorin ji suna auna kusurwar jirgi da saurin juyawarsa da fizgarsa, wato yawan sauyin gudunsa sama da ƙasa, kwamfuta ta mayar da su umarni, famfon mai ya juya fiffike. Umarnin da ya bi kusurwa yana ƙara taurin jirgi, ya gajarta zangon ɗabi'a. Wanda ya bi fizga yana ƙara masa nauyi a lissafi, ya tsawaita zangon. Wanda ya bi saurin motsi shi ne ke dakushewa, kuma shi ne ginshiƙin aikin a wajen jituwar kaɗawa.

Sharaɗinsa shi ne ƙarfi ya zo a kan lokaci. Mai son tsayar da lilo yana tare shi ne lokacin da yake tahowa. Idan ya makara har lilon ya juya, turawa zai yi. Jinkirin sakan 0.2 a zangon karo na sakan 3.3 daidai yake da digiri 22 na zagaye, kashi 93 cikin ɗari na ƙarfin na nan a matsayin dakushewa. Idan ya kai sakan 0.4, kashi 72 ne ya rage. Idan ya kai rubu'in zango, dakushewa ta ƙare, bayan haka kuma fiffiken ƙara kaɗawa yake yi. Jinkirin yana taruwa ne daga tace saƙon na'urar ji, da lissafi, da famfo, da lokacin da kwararar ruwa ke ɗauka kafin ta amsa sabuwar kusurwa.

Saurin juya fiffike shi ma iyaka ne. Don ya yi kai-komo na digiri 15 kowane gefe a not 35, sai ya iya juyawa digiri 29 a sakan. Famfon da bai kai haka ba yana rage kusurwar, yana kuma ƙara jinkiri, wanda ya fi muni.

Gwajin AlaviMehr da abokan aikinsa ya nuna dabarar da ke jefa fiffike daga iyaka zuwa iyaka da zarar motsi ya sauya alkibla ta fi wadda ke bin girman motsin sannu a hankali, har ta rage mafi girman gyaɗa-kai da kusan rabi a ƙananan igiyoyi, amfanin kuma ya ragu da igiyar ta girma. Dalilin bai ɓoyu ba. Motsi mai tsalle tsakanin iyaka biyu yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na motsi mai santsi sau 4/π, wato ƙarin kashi 27 cikin ɗari, daga fiffike ɗaya. Sakamakon yana goyon bayan hujjar wannan maƙala: dabarar ta yi nasara ne domin ta tatso duk ƙarfin da ke akwai, kuma da igiya ta fi ƙarfin sai fifikon ya dusashe. Kuɗin da ake biya shi ne saurin cinyewar famfo da gaɓoɓin fiffike, da ƙananan fizge-fizge da fasinja ke ji.

A SWATH akwai zaɓin da katamaran ba shi da shi sosai. A gajerun igiyoyi ana umartar fukafukai su riƙe dandamali a miƙe, igiya ta wuce ta ƙarƙashi. Idan tudun igiya ya kusa kai tazarar da ke tsakanin ruwa da ƙasan dandamali, dole a sauya zuwa bin igiyar, jirgi ya hau ya sauka tare da ita, in ba haka ba riƙe shi a miƙe shi ne zai jawo bugun da ake gudu.

4.5 Iyakokin ruwa

Kusurwar da fiffike ke gani ba wadda aka umarta kaɗai ba ce. Ruwan cikin igiya yana zagayawa, kuma a zurfin mita 3 igiyar misalinmu tana motsa shi sama da ƙasa da gudun mita 0.65 a sakan. Wannan ya ƙara digiri 3.6 a not 20, da digiri 7 a not 10, ban da abin da motsin jirgin kansa ke ƙarawa. A ƙaramin gudu, inda ake son babbar kusurwa don cike giɓin ƙarfi, a can ne kwararar ruwa ta fi saurin tsinkewa daga bayan fiffike, ɗagawa ta faɗi.

A babban gudu matsalar kumfar ƙarancin matsi ce. Matsin ruwa a bayan fiffike yana sauka har ruwan ya zama tururi, kumfar ta fashe tana cin ƙarfe. Ma'aunin da ke nuna nisan fiffike daga wannan hali, a zurfin mita 3, yana kusan 2.4 a not 20, amma ya sauka zuwa 0.8 a not 35. Dole a rage iyakar kusurwa yayin da gudu ke ƙaruwa, don haka adadin kilonyuton 285 da aka samu a sama ba lallai a same shi cikakke ba. Fiffiken goshi kuma yana iya zuƙo iska daga saman ruwa, ko ya fito fili ya faɗo, abin da ya kayar da gwaje-gwajen shekarun 1950. Wannan ne ya sa ake saukar da shi da ƙafa zuwa ƙasan jiki, wasu kuma ake yin su masu naɗewa don a janye su idan teku ta kwanta, a huta da gogayyarsu.

4.6 Ma'aunin da ya dace a auna nasara da shi

Yawancin rahotanni suna bayyana nasara da yawan digirin gyaɗa-kai da aka rage. Jikin ɗan'adam ba digiri yake ji ba. O'Hanlon da McCauley (1974) sun zaunar da mutane a ɗaki mai hawa da sauka har tsawon awa biyu, suka gano amai ya danganta da girman fizga da kuma saurin maimaituwarta, kuma ya fi yawa a kusan sau 0.17 a sakan, wato zangon sakan 6. Ƙa'idar ISO 2631-1 ta 1997 ta gina ma'auninta na jirin tafiya a kan tazarar sau 0.1 zuwa 0.5 a sakan. Zangon karo na sakan 4.4 da 3.3 duka suna cikin wannan tazara.

Wannan yana da tasiri kai tsaye kan zaɓin dokar sarrafawa. Fizga tana ƙaruwa da murabba'in saurin maimaituwa, don haka dokar da ta taurara jirgi tana iya rage kusurwa ta kuma ƙara fizga. Haka nan dokar da ta tsawaita zangon katamaran daga sakan 4 zuwa wajen 6 tana matsar da jituwar kaɗawa zuwa inda ciki ya fi saurin tashi. Fizga kuma ba ɗaya take ba a ko'ina cikin jirgi: haɗuwar hawa-da-sauka da gyaɗa-kai tana sa ta fi yawa a goshi, ta yi ƙasa a wani wuri bayan tsakiya, kuma fukafukai suna iya matsar da wannan wuri gaba ko baya. A katamaran, inda zangon tangaɗi da na gyaɗa-kai kan yi kusa da juna, igiyar da ta zo a karkace tana haɗa su su zama murɗawa, kujerun kusurwoyin gaba su fi shan wahala. A nan ana raba umarni tsakanin fiffiken dama da na hagu, kuma duk abin da aka ba tangaɗi an rage shi ne daga rabon gyaɗa-kai. Don haka gwajin karɓar irin wannan na'ura ya kamata a yi shi da na'urorin auna fizga a layin kujerun gaba da na tsakiya da na baya, dama da hagu, a alkibla da gudun da jirgin zai yi aiki da su a hanyarsa, fukafukai a kulle sau ɗaya, suna aiki sau ɗaya.